Rabin yini a gonakin inabin Cape: abin da ake sayarwa, masu cin riba, da matsayin baƙo Musulmi

Labarai biyu da ke fitowa daga duniyar noman inabi kamar sun yi hannun riga da juna. Na farko na durƙushewa ne. A watan Afrilun 2025 hukumar OIV, wadda ƙasashe masu noman inabi suka kafa don tattara alƙaluman sana'ar, ta bayyana cewa giyar inabin da aka sha a duniya a 2024 ta tsaya a kimanin lita biliyan 21.4. Rabon da adadin ya yi ƙasa haka tun 1961. Faransa ta ware yuro miliyan 120 tana biyan manoma yuro 4,000 kan kowace hekta don su tumɓuke kuringarsu, wato itatuwan inabinsu. A watan Agustan 2025 kuma Amurka ta lafta harajin kashi 30 cikin ɗari a kan yawancin kayan Afirka ta Kudu, har da giyar inabi.

Na biyu kuwa na cunkoson baƙi ne. Gonakin da ke kewaye da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun cika da ɗakunan karɓar baƙi, gidajen abinci da masaukai, kuma da wuya mutum ya buɗe jadawalin tafiya birnin bai ga ziyarar rabin yini zuwa gonakin inabi ba, jere da hawan dutsen Table da zuwa tsibirin Robben. Tallar ta shafi 'yan Najeriya ma, musamman da yake a Disambar 2024 Shugaba Cyril Ramaphosa ya sanar da sassauta musu neman biza, a taron da ya yi da Shugaba Bola Tinubu a Cape Town ɗin.

To yaya sana'ar da masu sayen kayanta ke raguwa take fama da baƙi? Labaran biyu tushensu ɗaya. Gonar da ta kasa samun riba a kasuwa ce take jawo mai saye har ƙofarta.

Abin da ziyarar ta ƙunsa

Ziyarar rabin yini takan ɗauki awa huɗu zuwa biyar. Ƙaramar bas ce ke ɗaukar baƙi daga otel da safe ko bayan azahar, ta kai su gonaki biyu ko uku, ta dawo da su. Mai jagora dole ne ya kasance da rajista, domin dokar yawon buɗe ido ta Afirka ta Kudu ta hana wanda ba shi da ita karɓar kuɗi don zagayawa da baƙi. Sau da yawa shi ne kuma direban.

A kowace gona ana zaunar da baƙi a zuba musu nau'i huɗu zuwa shida, kowanne kurɓi ɗaya ko biyu a gindin kofin gilashi, ma'aikacin gonar yana bayanin irin inabin, ƙasar da ya tsiro a kai da tsawon zaman da ya yi a ganga. Akwai kwanon tofarwa a kan tebur, saboda masu sana'ar ba sa haɗiye abin da suke ɗanɗanawa. Ɓangaren abinci shi ne haɗa kowane nau'i da ɗan abin taɓawa da aka zaɓa masa: cuku, cakulan, zaitun, ko biltong, busasshen naman ƙasar wanda ɗan'uwan kilishi ne. Gonar Fairview da ke Paarl ta yi suna da cukun awakinta, Waterford da ke Stellenbosch da cakulan, Morgenster da man zaitun. Wani lokaci ana ƙara da leƙa ɗakin da gangunan suke.

Dalilin da ya sa rabin yini ke isa shi ne kusanci. Constantia tana cikin Cape Town ne ma. Stellenbosch na da nisan kilomita 50 ko kusa da haka, Paarl 60, Franschhoek 75. Wanda ya zo taro, ko fasinjan jirgin ruwan shaƙatawa da zai kwana ɗaya a tasha, zai iya zuwa ya dawo kafin la'asar. Dalili na biyu doka ce. Direba a ƙasar ba zai hau titi ba idan barasar da ke jininsa ta kai giram 0.05 a kowace mililita 100, direban haya kuwa 0.02. Wanda ya zaga gonaki uku yana haɗiyewa zai iya wuce wannan iyaka, shi ya sa hayar direba ta zama rabin abin da baƙo ke biya wa. Gwamnati ta sha kawo shawarar mayar da iyakar sifili. In hakan ta tabbata, masu bas ɗin baƙi ne kakarsu za ta yanke saƙa, gonakin da suka dogara da mazauna birni masu zuwa da motarsu kuma su ji a jika.

Daga gonar kamfani zuwa hanyar baƙi

Kamfanin kasuwancin Holan mai zirga-zirga zuwa gabashin Asiya ne ya kafa zango a Cape a 1652, ƙarƙashin Jan van Riebeeck, don jiragensa su riƙa samun ruwa da kayan lambu. Ranar 2 ga Fabrairun 1659 ya rubuta a littafinsa cewa an matse inabin Cape karo na farko. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya mallaki gonar Constantia a 1685. A 1688 Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsanantawar Sarki Louis na 14 suka iso, aka ba su filaye a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek. Wannan shi ne tarihin da kowane mai jagora ya haddace.

Ɗaya ɓangaren shi ne wanda ya yi aikin. Bayi ne suka share dajin, suka dasa, suka tsinka, suka matse. Ayarin farko masu yawa sun iso a 1658 daga Angola da gaɓar Yammacin Afirka, daga baya aka koma kawo su daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya. An soke bauta a 1834, amma aka tilasta wa waɗanda aka 'yanta ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838. Fararen gidajen nan masu ƙawataccen goshi da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansu, da dama daga cikinsu a wancan zamanin aka gina su, kuma a wasu gonakin har yanzu ƙararrawar kiran bayi na rataye.

A ƙarni na 20 sana'ar ta shiga hannun KWV, ƙungiyar manoma da aka kafa a 1918 bayan kaya sun yi kwantai farashi ya faɗi. Gwamnati ta ba ta ikon tsayar da mafi ƙarancin farashi, daga baya kuma da ƙayyade yawan abin da kowace gona za ta noma. Tsarin ya ba fararen manoma kwanciyar hankali, amma yawa yake sakawa ba inganci ba. Manomi ya kai inabinsa matsewar ƙungiya a auna a biya shi, sunan gonarsa ba ya bayyana a ko'ina. Takunkumin da duniya ta ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ya ƙara toshe kasuwannin waje.

A cikin wannan yanayi ne manoma uku na Stellenbosch, Frans Malan na gonar Simonsig, Neil Joubert na Spier da Spatz Sperling na Delheim, suka buɗe hanyar baƙi ta farko a ƙasar a 1971, suna koyi da abin da ake yi a yankin Burgundy na Faransa. Manufarsu a fili take: su sa kayansu a kwalba da sunansu, mai saye ya zo da ƙafarsa. A 1973 aka kawo dokar da ke tabbatar da yankin da inabin kowace kwalba ya fito. An soke ƙayyade noma a 1992, kasuwannin waje suka buɗe bayan zaɓen 1994, KWV ta koma kamfani a 1997. Daga nan kowace gona ta zama ita da dabararta. A 2012 Franschhoek ta farfaɗo da tsohon layin dogonta, ta sa ƙaramin jirgin ƙasa mai sauke baƙi gona-gona.

Lissafin da ya sa gona ke neman baƙo

Nan ne zuciyar maganar. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na giyar inabin da Afirka ta Kudu ke fitarwa ba a kwalba take tafiya ba. Ana ɗura ta a manyan jakunkunan roba cikin kwantena, a kai Birtaniya ko Jamus a zuba a kwalba a can, a sayar a manyan kantuna da araha. Aikin kwalba, tambari da mafi tsokar riba duk suna can. Wadda aka sa a kwalba a gida ma sai ta bi ta hannun mai jigila, mai shigo da kaya, mai rarrabawa da mai kanti, kowa ya ɗebi nasa, ga harajin barasa da kusan kowane kasafin kuɗi ke ƙarawa. Abin da ke isa hannun wanda ya noma inabin ɗan kaɗan ne daga farashin da aka rubuta a kanti.

Kuɗin noma kuwa hawa yake yi. Kuringa na ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ta ba da amfanin kirki, don haka dasa sabuwar gona jari ne da ake binnewa a jira. Farin 2015 zuwa 2018, wanda ya kusa ƙafar da famfunan Cape Town, ya sa an zaftare wa manoma fiye da rabin ruwan ban-ruwansu. Yanke wutar lantarki ya tilasta musu sayen janareta, domin ruwan inabin da ke tsimuwa ba ya jure zafi. Sakamakon yana bayyane a ƙasa: gonakin inabin giya da suka haura hekta 100,000 a tsakiyar shekarun 2000 yanzu ba su kai 90,000 ba, manoman kuma sun koma ƙasa da 3,000. Wasu sun tumɓuke sun dasa lemo, tuffa ko wasu 'ya'yan itatuwa.

Kwalbar da aka sayar a ƙofar gona ba ta da dillali. Manomi ne ke karɓar cikakken farashi, nan take, ba bashi. Ban da ita akwai kuɗin zaman ɗanɗano, wanda wasu gonaki ke yafewa idan baƙo ya yi sayayya, akwai abinci, akwai hayar wurin biki, akwai ɗakin kwana. Baƙon da ya bar adireshinsa kuma ya zama abokin ciniki da za a riƙa aika wa kaya. Binciken da masana'antar ta ɗauki nauyi ya nuna cewa a 2022 karɓar baƙi ya kawo kimanin kashi 17 cikin ɗari na kuɗin shigar gidajen matsewa, sama da kusan kashi 15 a 2019, kuma kason ya fi haka nesa a ƙananan gonaki. Binciken ya ƙiyasta gudummawar harkar ga tattalin arzikin ƙasa a kan rand (kuɗin ƙasar) biliyan 9 da ɗoriya, da ayyuka kusan 40,000. Alƙaluman masu abu ne, sai a karanta su da wannan sani, amma alkiblar da suka nuna ba a jayayya da ita.

Abinci ba ado ba ne a wannan lissafi. Yana rage saurin maye, yana tsawaita zama, kuma yana ba wanda ba ya sha dalilin biyo ayari. Iyali mai mutum biyar da biyu kaɗai ke sha ba za su zo ba sai an tanadi abin da sauran ukun za su yi. Shi ya sa gonaki suka shiga gasar lambuna, dawaki, zane-zane da wuraren wasan yara. A Babylonstoren, gonar da attajirin harkar yaɗa labarai Koos Bekker ya saya ya gyara, lambun ne abin da mutane da yawa ke zuwa gani.

Annobar korona ce ta tona yadda sana'ar ta jingina da wannan ƙofa. Daga Maris ɗin 2020 zuwa Yulin 2021 gwamnati ta hana sayar da barasa a faɗin ƙasar har sau huɗu, a karon farko ma har da fitarwa waje na wasu makonni. Hujjarta ita ce gadajen asibiti: haɗarin mota, sara da suka da barasa ke haddasawa na cinye wuraren da masu korona ke buƙata, kuma likitoci sun ba da rahoton raguwar irin waɗannan majinyata a lokutan hanin. Masu gonaki suka ce an yi musu kuɗin goro da mashayar unguwa, alhali ba a ɗakunansu ake faɗan ba. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Abin da babu musu a kai shi ne ƙananan gonaki masu rayuwa da baƙi su suka fi jigata, ma'aikatan wucin gadi kuma su aka fara sallama.

Gumin wa ke cikin kofin

Babbar muhawarar da ke kewaye da ziyarar ba ta ɗanɗano ba ce, ta ƙwadago ce. Ƙarnoni aka yi ana biyan leburorin gonakin Cape wani ɓangare na ladansu da giya, ana ba su gwangwani-gwangwani sau da dama a yini. Tsarin sunansa dop. Tushensa tsoho ne ƙwarai: tun a 1658 van Riebeeck ya ba da umarni a riƙa ba yaran bayi da aka sa makaranta ɗan kofin barasa da taba don su mai da hankali ga karatun addu'o'in Kirista. An haramta biyan lada da giya a farkon shekarun 1960, amma aka bar kafar bayarwa da sunan kyauta, al'adar ta ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Dokar barasa ta 2003 ta sake haramta ta. Tabon bai goge ba. Binciken da aka yi a garuruwa irin su Wellington ya gano cewa yawan yaran da aka haifa da naƙasa saboda shan barasar uwa lokacin goyon ciki yana cikin mafi muni da aka taɓa aunawa a duniya.

A 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan gidajen da ba su dace da zaman mutum ba, feshin maganin ƙwari ba kariya, da hana shiga ƙungiyar ƙwadago a gonakin lardin Yammacin Cape, inda Cape Town yake. A ƙarshen 2012 yajin aiki ya ɓarke a De Doorns, yankin inabin ci, ya bazu zuwa wasu garuruwa. Lokacin mafi ƙarancin lada rand 69 ne a yini. Gwamnati ta ɗaga shi zuwa 105 a Maris ɗin 2013. Tun 2021 ladan leburan gona ya daidaita da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya kai rand 28.79 a awa a Maris ɗin 2025. Kuɗin zaman ɗanɗano ɗaya a fitacciyar gona yakan kai ladan awanni da dama na mai tsinkar inabin.

Masu gonaki da ƙungiyoyinsu na cewa karɓar baƙi shi ne mafi kyawun abin da ya sami ma'aikata. Aikin gona na kaka ne, daga Janairu zuwa Afrilu, aikin ɗakin baƙi da kicin kuwa ya fi daɗewa, ya fi lada, akwai ɗan ihsanin da baƙi ke bari, kuma 'ya'yan leburori da dama ta nan suka zama masu jagora, masu dafa abinci da ƙwararrun ɗanɗano. Suna kuma nuni da WIETA, ƙungiyar da aka kafa a 2002 don binciken yadda gonaki ke riƙe ma'aikata, suna cewa gonar da baƙi ke shiga kullum ta fi jin tsoron abin kunya.

Ƙungiyoyin ƙwadago da masu fafutuka irin su Women on Farms Project da ke Stellenbosch na kallon abin ta wata fuska. A cewarsu, aikin gaban kanti na masu Turanci ne da takardar makaranta, matan da ke tsinka kuwa ta hannun 'yan kwangila ake ɗaukar su, a sallame su da ƙarewar kaka. Suna ƙorafin cewa idan gona ta sauya hannu ta koma wurin shaƙatawa, iyalan da suka yi shekaru a gidajen ma'aikata sukan fuskanci kora duk da dokar 1997 da ta ba su kariya, wani lokaci ma a gyara gidajen a mayar da su masaukin baƙi. Suna kuma yaƙi da magungunan feshi da Tarayyar Turai ta hana a ƙasashenta amma ake amfani da su a Cape.

Batun mallaka ya fi kowanne tsauri. Shekara 30 da ɗoriya bayan faɗuwar mulkin wariya, alƙaluman da aka fi ambata na nuna gonakin inabin da ke hannun baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Akwai fitattu irin su Ntsiki Biyela, baƙar mace ta farko da ta zama ƙwararriyar mai haɗa giyar inabi a ƙasar, wadda ta kafa tambarinta Aslina. Sai dai yawancin tamburan baƙaƙe sayen inabi suke yi su yi hayar wurin matsewa. Wanda ba shi da gona ba shi da dutse da lambun da bas za ta tsaya a gabansu, don haka kuɗin baƙi, wanda shi ne mafi daɗin riba a sana'ar, yana komawa ne inda filin yake. Sabon jarin da ke shigowa ma na manyan attajirai ne: Richard Branson ya sayi Mont Rochelle a Franschhoek a 2014, mai lu'ulu'u Laurence Graff na da Delaire, ɗan kasuwar Indiya Analjit Singh ya zuba kuɗi a otel-otel da gonakin kwarin.

Musulmi da gonakin inabin Cape

Alaƙar ta girmi ziyarar da ƙarni uku. Turawan Holan sun mayar da Cape wurin korar malamai da sarakunan da suka yi musu turjiya a gabas. A ƙarshen shekarun 1660 aka kai wasu shehunai daga Sumatra dajin Constantia, ƙaburburansu na nan har yau, ɗaya a bakin gonar Klein Constantia. Shehu Yusuf na Makassar, a Indunusiya ta yau, ya iso a 1694, aka tsugunar da shi a gonar Zandvliet kusa da inda kogin Eerste, wanda ya ratsa Stellenbosch, ke shiga teku, ya rasu a 1699. Masana tarihi sun rubuta cewa wasu masu gonakin sun fi son bayi Musulmi a aikin jigilar ganguna saboda ba sa sha. A yau Musulmi kimanin kashi 5 cikin ɗari ne na mutanen lardin Yammacin Cape, kaso mafi girma a duk lardunan ƙasar.

A kan shan giyar kanta babu saɓani. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce a nisance ta, kuma hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya haɗa mutum goma cikin la'ana, tun daga mai matsewa har mai ɗauka, mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Umarnin nisanta ya sa kwanon tofarwa ba ya zama mafita. Akwai kuma hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, wanda kai tsaye ya shafi wanda ya bi ayari ya zauna yana shan lemo kusa da masu ɗanɗano. Inda ake samun bambancin fahimta shi ne shiga gonar don lambu, tarihi ko ziyarar ƙabari ba tare da zama wurin sha ba. Wasu na ganin kuɗin ƙofa ma taimako ne ga sana'ar, wasu na ganin hukuncin na bin abin da mutum ya je yi da wurin da ya zauna.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kwalaben da ake miƙa wa wanda ya ce ba ya sha, domin iri biyu ne mabambanta. Akwai ruwan inabin da aka matse aka sa masa gas ba tare da ya taɓa tsimuwa ba, irin wanda ake gani a liyafar biki a Kano da Abuja. Wannan lemo ne. Akwai kuma wanda ya tsimu ya zama cikakkiyar giya, sannan aka cire masa barasar da injin tacewa ko ta dumama shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira irin wannan wanda aka cire wa barasa muddin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, wato ba lallai ya zama sifili ba. Majalisar fatawa ta Maleshiya ta yanke a 2011 cewa abin shan da aka bi da shi ta hanyar yin giya haramun ne ko da an cire barasar, saboda asalinsa. Wasu hukumomin ba da shaidar halal a Turai kuwa sun sa hatiminsu a kan wanda aka tace har ya koma sifili, bisa hujjar cewa abin da ke sa maye ya gushe, kuma ana sayar da irinsa a Dubai. Ma'aikacin ɗakin baƙi ba lallai ya san wannan bambanci ba, a wurinsa duka biyun marasa barasa ne.

Abincin ma na buƙatar tambaya. Farantin nama na ɗanɗano yakan haɗa da naman alade da aka sarrafa, biltong na iya zama na naman dawa da aka harbe, miya da kayan zaƙi kuma ana dafa wasu da giya. Manyan hukumomin halal na ƙasar, SANHA da sashen halal na majalisar malamai ta MJC da aka kafa a 1945, ba sa ba da shaida ga wurin cin abincin da ake sayar da barasa. Don haka gonar da ta ce namanta na halal ne tana magana ne kan inda ta saye shi, ba kan kicin ɗinta ba. Hukumar yawon buɗe idon Cape Town ta yi aiki da kamfanin CrescentRating na Singafo don jawo baƙi Musulmi, kuma akwai masu jagora da ke shirya zagayen da ya ƙunshi unguwar Bo-Kaap, masallacin Auwal na 1794, ƙaburburan waliyyai, gonakin zaitun da na 'ya'yan itace, ba tare da zaman giya ba.

Abin da zai iya biyo baya

Idan kasuwar waje ta ci gaba da tsukewa, gonakin da ke nesa da hanyar baƙi, a Breedekloof ko bakin kogin Olifants, su ne ke cikin haɗari, domin su ke samar da giyar kwantena kuma bas ta rabin yini ba ta isa can. Leburorinsu ne za su fara rasa aiki ko su koma gonakin lemo. Na kusa da birni kuwa za su ƙara rikiɗa zuwa otel da gidan abinci masu ɗan fegin inabi a gefe. Hakan na kawo aikin yi, amma yana ɗaga farashin fili da haya a Stellenbosch da Franschhoek, har ma'aikacin da ke hidima a garin ya koma kwana a unguwannin gefe irin su Kayamandi da Langrug, yana biyan kuɗin mota kullum. Kuɗin baƙi kuma ba shi da tabbas: faɗuwar rand na jawo su, tsadar tikitin jirgi, labarin fashi ko wani fari na korar su, daga Yuni zuwa Agusta kuma, lokacin sanyi da ruwan saman Cape, ɗakunan kan yi shiru.

Ga matafiyi daga Najeriya ko Nijar, tasirin ya fi kusa da aljihu. Kamfanonin shirya tafiya kan cusa wannan ziyara cikin dunƙulallen farashi, mutum ya biya ba tare da ya lura ba. Wanda ba ya so yana iya neman a cire ta ko a musanya da wata tun kafin ya biya, domin da zarar an yi rajistar kujera a bas, yawancin masu shiryawa na da wa'adin da in ya wuce ba sa mayar da kuɗi.